Darasi: Yadda Zafin Bututun Ruwa Ke Kunna Sensa Ba Tare da Batir Ba

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau za mu kunna sensa, wato 'yar na'urar da ke auna zafin ɗaki, da zafin bututun ruwa. Ku dubi abin da ke hannuna. Wannan farin falle mai waya biyu, ja da baƙa, sunansa TEC1-12706, tsawonsa milimita 40, faɗinsa ma haka. Tsakanin fuskokinsa biyu na tangaran an jera tagwayen ginshiƙai 127 na sinadarin bismuth telluride. In fuska ɗaya ta ɗau zafi, ɗayar kuma tana da sanyi, sai lantarki ya biyo waya. Wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano haka a 1821.

To, a nan nake so ku kasa kunne. Abin da ke ba da wutar shi ne bambancin zafin fuskokin nan biyu. Ko a Sakkwato ka ajiye shi tsakiyar watan Afrilu, muddin zafinsu ya zo ɗaya, sifili mitar auna lantarki za ta nuna maka. Shi ya sa na fi damuwa da ɓangaren sanyi. Ga shi na shafa masa farin man da masu gyaran kwamfuta ke shafa wa furosesa, kaɗan ya isa, na ɗaure fuska ɗaya a bututun ruwan zafi, ɗayar na manna mata alminiyam mai haƙora don iska ta riƙa kwashe zafin. Kada ku ƙanƙanta alminiyam ɗin, a nan aikin mutane da yawa ke lalacewa.

Ku kalli mita, ta fara hawa. Sai dai wutar 'yar mitsitsiya ce, kowane digiri ɗaya na bambanci ba ya ba da abin da ya wuce milibolt 50, sensa kuwa tana neman wajen bolt 3, wato milibolt 3,000. Wannan ƙaramin allon mai ɗauke da 'yar na'urar LTC3108 shi ke ɗaga ƙarfin wutar, kuma daga milibolt 20 yake fara aiki. Yana tara ta a babbar kafasita, wato ma'ajiyar lantarki, kamar mai tara kuɗi a asusu, daga nan sensa ke samun wuta. Sensa tana barci, ta farka ta auna zafin ɗaki, ta aika saƙo ta rediyo, ta koma barci.

A Jamus kamfanin EnOcean na ƙera irin waɗannan kayan, don gidajen can cike suke da bututun ɗumama ɗaki. Mu nan, bututun hitar ruwa mai aiki da rana ya wadatar. Amma kada ku manna fallen a salansar janareta, dalmar da ke cikinsa narkewa za ta yi.

Yanzu ku miƙo abin lanƙaya dalma, mu fara haɗa jar wayar.