Kalmomi 24 da biro ɗaya: yadda ake kunna na'urar ajiyar kirifto a karon farko

[Hoto: ƙaramin kwali a rufe kan tabarma, kusa da shi biro da kwamfutar cinya.]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Sakkwato Birnin Shehu nake yi muku sallama. Wannan ɗan kwalin da ke gabana mako uku na yi ina jiransa, kuma da ya iso ban buɗe shi ba, na ajiye shi don mu buɗe tare. Abin da ke ciki bai fi filashi girma ba. Na'urar ajiyar kirifto ke nan, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, wadda wasu ke kira walat ɗin hannu.

Mu fara da gyara wata fahimta, domin a nan ake yawan ɓata. Kuɗinka ba su zama cikin na'urar nan. Bitcoin ɗinka ko USDT ɗinka (kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka) suna rubuce ne a bulokchen, kundin lissafin da dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da na'urar ke ɓoyewa shi ne mabuɗin sirri. Ku tuna wasiƙun fada na da, waɗanda ba a karɓarsu sai an ga hatimi a jiki. To, na'urar nan hatimi ce da ba ta fita daga ɗakinta. Idan za ka tura kuɗi, waya ko kwamfuta ta kawo mata takardar, ta nuna maka a allonta, ka danna maɓalli ta buga hatimi, takardar ta fita. Hatimin kansa bai taɓa hawa intanet ba.

Me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya? Saboda abin da muka gani da idonmu. A 2014 dandalin musayar kirifto na Mt. Gox da ke Japan ya rufe da bitcoin kusan 850,000, mafi yawansu na mutane. A Nuwamba 2022 FTX ya durƙushe cikin 'yan kwanaki. A nan gida, a Maris 2024 Binance ya daina hulɗa da naira, a Afrilu 2025 kuma CBEX ya tafi da kuɗin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Duk kuɗin da ke kan dandalin wani, ajiya ce ka ba shi. Ranar da ya rufe ƙofa, sai dai ka bi layi.

Batun saye kuwa, ba na sassauci a kansa. Ka saya daga shafin kamfanin, ko daga dillalin da kamfanin da kansa ya lissafa a shafinsa. Manyan da aka fi sani su ne Trezor na ƙasar Cek, wanda ya fitar da na'urarsa ta farko a 2014, da Ledger na Faransa. Na gwanjo, ko wadda wani ya ce ya ɗan yi amfani da ita zai sakar maka da sauƙi, ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado, balle a wurin da za ka zuba gumin shekaru.

[Hoto: hannu yana buɗe kwalin, ana fito da na'ura, igiya da katuna.]

Ku dubi katunan nan da kyau. Layuka ne masu lamba, kuma babu ko harafi ɗaya a kansu. Haka ya kamata su zo. Idan ka buɗe naka ka tarar an riga an rubuta kalmomi, ko an manna wata takarda mai lambar sirri aka ce ita za ka yi amfani da ita, to tarko ne. Wanda ya rubuta kalmomin yana da kwafinsu, jira kawai yake ka zuba kuɗi. Bayan an sace bayanan kwastomomin Ledger a 2020, sunaye da adireshin gidajen mutane fiye da 270,000 suka bazu, an riƙa aika wa wasunsu na'urorin jabu har ƙofar gida, a kwali mai kyau da wasiƙa mai tambari. Saboda haka kyawun kwali ba shaida ba ne.

Kafin ka kunna, ka gyara wurin zamanka. Ka rufe ƙofa. Ka cika kwamfutarka da caji, domin ba ka son wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhajar na'ura. Kuma don Allah kada ka kai wa yaron shagon gyaran waya ya saita maka, komai amanarsa. Aikin nan irin wanda mutum ke yi shi kaɗai ne.

Manhajar da ke tafiya da na'urar, ka rubuta adireshin shafin da hannunka, ledger.com ko trezor.io, kada ka danna talla ta farko da Google ya nuna maka, kada kuma ka bi mahaɗar da aka turo a zauren WhatsApp ko Telegram. A Nuwamba 2023 an gano manhajar jabu mai ɗauke da sunan Ledger a cikin kantin manhajoji na Microsoft, ta kwashe fiye da rabin dala miliyan ɗaya kafin a cire ta. Idan ka sauke ta gaskiya ka jona na'urar, manhajar za ta bincika ta tabbatar maka cewa na'urar daga kamfani take. Ka jira ta gama. Idan ta ce a sabunta, ka sabunta. Sannan ka zaɓi kunna ta a matsayin sabuwa.

Za ta nemi lambar sirri. A Ledger lamba 4 zuwa 8 ce, kuma idan aka yi kuskure sau uku a jere na'urar na goge kanta. Trezor na ba da dama har 16, amma duk kuskure yana ninka lokacin jira. Ka cika lambobi takwas ɗin idan za ka iya. Shekarar haihuwa, ƙarshen lambar waya, ko lambar katin ATM ɗinka da mai POS na unguwa ya sha ganin yatsanka a kai, duk ka kauce musu.

Yanzu mun zo zuciyar aikin, kuma a nan zan juya kyamara.

[Hoto: kyamara ta koma kan bango. Murya kawai.]

Na'urar ta fara nuna mini kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Tawa 24 take bayarwa. Wasu na'urorin 12 ne, wasu sababbin Trezor kuma 20. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar. Na'urar ta ɓace, ta faɗa rijiya, ɓarawo ya ɗauke, babu komai: ka sayi wata, ka shigar da kalmomin, kuɗinka su bayyana kamar ba a yi ba. Amma wanda ya ga kalmomin nan, ko yana Legas ko yana Sin, ba ya bukatar na'urarka, ba ya bukatar lambarka. Cikin minti kaɗan zai kwashe, kuma babu bankin da za ka je ka rubuta takardar koke.

Kalmomin 24 ɗin nan ana tsamo su ne daga wani jeri na kalmomin Turanci 2,048, wanda ya fara da abandon ya ƙare da zoo. Tunda Turanci ne, sai mun yi taka-tsantsan da rubutu. A cikin jerin akwai wood, akwai wool, akwai word, akwai work. Harafi ɗaya ne ya raba wood da wool, ko word da work, kuma harafin nan ɗaya ya isa ya rufe maka asusu. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, a hankali, kowace kalma a kan lambarta, domin jerin su ma yana cikin mabuɗin. Ka kalli allo, ka rubuta, ka sake kallon allo.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko zai iya rubuta nasa da ajami don kada kowa ya gane. Na fahimci tunaninsa, amma na hana shi. Ajami ba zai riƙe maka bambancin wood da word ba bayan shekara biyar, lokacin da ka manta yadda ka furta su a ranar. Haka nan kada ka fassara su zuwa Hausa. Yadda na'ura ta nuna, haka za ka kwafa.

Hoto kuwa, ko na daƙiƙa ɗaya ne, haramun ne a wannan aiki. Akwai wani ɗan uwa a Mabera da nake ganin girmansa, mai kula da kayansa ne ƙwarai. Ya rubuta kalmominsa a takarda yadda ya dace, sai ya ce bari ya ɗauki hotonsu saboda gudun ɓacin rana. Wayar ta tura hoton sama zuwa asusun imel ɗinsa ba tare da ya sani ba, kamar yadda take yi da kowane hoto. Bayan wata bakwai aka shiga imel ɗin. Ya zo wurina da na'urar a hannu, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu, amma allon yana nuna sifiri. Jarin da ya tara don auren ƙanwarsa ne. Har yau idan na tuna zamansa a kan dakalin nan sai jikina ya yi sanyi. Don haka ba hoto, ba tura wa kai saƙo a WhatsApp, ba ajiyewa a imel, ba karanta su da ƙarfi kusa da waya.

[Hoto: kyamara ta dawo. Katin yana kife.]

Na gama, na'urar kuma ta tambaye ni kalmomin don ta tabbatar na rubuta daidai. To, ina za a ajiye katin? Mu mutanen Sakkwato mun san maƙiyan takarda: gara, yoyon damina, da gobara. Waɗanda suka ga gobarar Babbar Kasuwa a Janairu 2021 sun san takarda ba ta da ƙarko a irin wannan rana. Ka yi kwafi biyu da hannunka, a wurare biyu da ba rufi ɗaya ya haɗa su ba, kuma kada ko ɗaya ya zauna tare da na'urar. Idan abin da ka ajiye yana da nauyi, ka buga kalmomin a farantin baƙin ƙarfe marar tsatsa. Amma ba za ka ɗauka ka kai Maƙera Assada a sassaƙa maka ba, domin maƙerin zai karanta. Ka sayi ƙusoshin buga haruffa da guduma, ka yi da kanka a tsakar gida.

Saura gwaji, kuma mutane da yawa suna tsallake shi saboda zumuɗi. Ka buɗe wurin karɓa a manhaja, adireshi zai fito. Ka gwada shi da wanda allon na'urar ke nunawa, tun daga farko har ƙarshe, domin akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da aikinsu kawai su musanya adireshi lokacin da ka kwafa. Wanda na'ura ta nuna shi ne gaskiya. Idan USDT ne, ka lura da layin da za ka bi: na Tron daban, na Ethereum daban, kuma ka tabbatar na'urarka ta san layin kafin ka tura. Sai ka aika ɗan kaɗan, kamar na naira dubu biyar. Ya iso? Madalla. Yanzu ka gwada katinka. Duka kamfanonin biyu suna da hanyar duba ko kalmomin da ka rubuta sun yi daidai ba tare da an goge komai ba. Ni dai na fi son hanya mai tsauri: in goge na'urar gaba ɗaya, in shigar da kalmomin daga katin, in ga dubu biyar ɗina ta dawo. Sai bayan nan nake zuba na gaske.

Za ka ga wani zaɓi na ƙara kalmar sirri ta musamman, wadda wasu ke kira kalma ta 25. Tana da amfani, amma wanda ya manta ta ya rasa abin da ke ƙarƙashinta har abada. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Idan na'urarka mai batir ce, kada ka bar ta cikin mota ko but ɗin mashin a zafin watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura maki 40.

Daga yau za a fara gwada ka. Saƙo zai zo, an ce daga kamfani, wai asusunka na cikin haɗari, ka shigar da kalmominka a wani shafi. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi kalmomin nan, ko ɗaya. Kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki, ba maganar da za a kai majalisa ko teburin mai shayi ba ce. Ka kama bakinka kan abin da ka ajiye.

Akwai mutum ɗaya dai da ya kamata ya sani, domin rai ba a bakin komai yake ba. Kuɗin nan ranar da ka faɗi haƙƙin magada ne, na matarka da 'ya'yanka da iyayenka, kuma alƙali ba zai iya raba abin da babu mai iya buɗewa ba. Ya zo a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa bai dace Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba. Ka ɗauki wata takarda daban, wadda babu kalmomin a cikinta. Ka rubuta cewa kana da ajiya iri kaza, katin yana wuri kaza, kada a nuna wa kowa shi, kada a ɗauki hotonsa, a nemi wane ya zauna tare da magada a buɗe a gabansu. Ka rufe a ambulan, ka damƙa wa wanda ka yarda da tsoron Allahnsa.

[Hoto: hannu yana naɗe takarda, yana sa ta cikin ambulan.]

Tawa ga ta nan, na rubuta. Bayan la'asar zan kai wa Yaya a Runjin Sambo. Wassalamu alaikum.