Amsoshin Tambayoyinku: Riƙe tsohuwar mota ko sayen sabuwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani mai sauraro wanda motarsa ta shekara 14, ta kuma ci kilomita 210,000. Ya ce makaniki ya shaida masa cewa giyar motar ta gaji, sai an sauya ta, kuma kuɗin aikin ya kusa rabin abin da za a taya motar yau. Tambayarsa ita ce, shin ba gara ya ci bashi ya sayi sabuwa ya huta ba?

Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Akasarin masu mota kan gwada kuɗin gyara da kuɗin da za a taya motar, alhali kuwa lissafin da zai fisshe ka shi ne na abin da kowacce daga cikin motocin biyu za ta ci maka a shekara guda. Tsohuwar mota a fili take cin kuɗinta, domin da hannunka kake ƙirga wa makaniki, shi ya sa abin yake yi maka ciwo. Sabuwa kuwa a ɓoye take ci. Daga ranar da ta bar wurin dillali darajarta take fara zubewa, kuma zubewar ta fi tsanani a shekarun farko, har sau da yawa takan kai kusan kashi 20 cikin 100 a shekarar farko kaɗai. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin ruwan bashin da ka ambata, da kuɗin cikakkiyar inshora, wadda mai ba da bashin yakan wajabta har sai an gama biya. Motarka mai shekara 14 ta riga ta gama wannan zubewar. Ɗan abin da ya rage mata kaɗan-kaɗan yake raguwa.

Saboda haka ka ɗauko rasit ɗin gyare-gyaren shekara biyu da suka wuce, ka haɗa da kuɗin giyar, ka raba bisa watannin da kake sa ran motar za ta ƙara yi maka aiki, sannan ka ajiye sakamakon kusa da abin da za ka riƙa biyan banki kowane wata. Kada ka sa taya da birki da batir da juyen baƙin mai a cikin laifin tsufa, domin sabuwar ma za ta buƙace su. Batir, alal misali, shekara 3 zuwa 5 yakan yi ko a wace mota. Garantin da kamfanoni da yawa ke bayarwa na shekara 3 yawanci ba ya ɗaukar irin waɗannan kayan da ke cinyewa da amfani. A ganinmu, idan injin lafiya yake, gyaran giyar ya fi sauƙi. Ko a Amurka, matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12 a shekarar 2024.

Amma kafin ka biya, ka nemi makaniki na biyu ya ɗaga motar, ka shiga ƙarƙashinta da tocila tare da shi. Idan ya danna sukundireba a jikin shasi ƙarfen ya ruɓuza, tsatsa tana zubowa kamar garin bulo, to kada ka zuba kuɗin gyaran giyar a kanta. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: idan an ga wani abu fari-fari mai kauri, ruwan lagireto kuma yana yawan raguwa, mai yiwuwa gaskit ɗin kan injin ya ƙone, wanda shi ma babban aiki ne. A tambayi kuma yaushe aka sauya bel ɗin tayimin, wato wanda ke daidaita motsin fistan da bawul a cikin injin, in irin motar mai bel ce, domin a yawancin injina tsinkewarsa kan sa fistan ya daki bawul.

Wata mai sauraro kuma ta rubuto tana tambaya ko akwai dalilin rabuwa da tsohuwar mota ko da gyaranta bai fi ƙarfinta ba. Hajiya, akwai. Na farko shi ne kariya: na'urar da ke hana mota ƙwacewa a kwana ta zama dole a sababbin motocin Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014, don haka yawancin tsofaffin motoci ba su da ita. Na biyu, idan da motar kike neman abinci, duk ranar da ta kwana a gareji asara ce da ya kamata ki sa cikin lissafi. In haka ne, ki duba mota ta hannu mai shekara 3 zuwa 5, wadda mai ita na farko ya riga ya ɗauki mafi tsananin faɗuwar darajarta, amma ki nemi takardun sabis ɗinta kafin a yi ciniki.