Sharhi: Gasa, Koyi da Kwaikwayo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan kalmar gasa ne.

Da farko sai a gyara furuci, domin a rubuce kalmomi biyu ne masu kama ɗaya. Gasa ta neman fifiko suna ce, jinsin mace, ana ja wasulanta biyu, murya ta fara ƙasa sannan ta hau. Gasa ta nama ko masara kuwa aikatau ce, murya ta fara sama ta sauko, kuma sunan aikinta gashi. Mai karanta labarai da ya sauya karin sauti a nan, ya mai da filin ƙwallo tukubar mai tsire.

Ana cewa an yi gasa da wane, ko a liƙa mata harafin r a ce gasar cin kofin duniya, gasar kamun kifi ta Argungu wadda aka fara a 1934. Wannan gasa ce mai ƙa'ida, da alƙalai, da kyauta. Ta karatun Alƙur'ani an fi kiranta musabaƙa, kamar ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986.

Amma akwai gasar da babu alƙali, kuma ita ta fi damun mu. Idan uwa ta ce wa 'yarta, "Ke dai bar gasa da mutane," ba tsere take nufi ba. Tana nufin ganin abin da wata ta yi, a yi irinsa, a kuma ɗora a kai. Maƙwabciya ta haɗa lefe akwati shida, sai a ci bashi a haɗa takwas. An fitar da anko kala biyu a bikin wancan gida, a nan sai uku. Kwaikwayo da kishi ne suka haɗu a kalma ɗaya, kuma gidaje da yawa sun shiga bashi ta wannan ƙofa.

Inda ake yawan kuskure shi ne cakuɗa ta da 'yan uwanta. Neman kujerar mulki takara ce, don haka ɗan takara ake cewa. Gudu ko sukuwar dawaki tsere ne. Gaggawar riga wani zuwa ga abu rige-rige ce, shi ya sa malamai ke cewa a yi rige-rige wajen aikin alheri.

Koyi da kwaikwayo ma ba ɗaya ba ne. Koyi na tafiya da girmamawa: ana koyi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana koyi da iyaye. Kwaikwayo ɗaukar murya ne ko tafiya ko kama, wani lokaci har da ba'a. Ɗalibin da aka ce yana koyi da malaminsa an yabe shi. Wanda aka ce yana kwaikwayon malam a bayan aji, ƙararsa aka kawo.