Amsoshin Tambayoyinku: Dagi, Kofato da Kalmar Paw

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Takardu uku na ware a yau, domin duka ukun sun taru ne a kan kalma guda ta Turanci.

Ta farko daga wata malamar firamare ce a Gusau. Ta ce tana koyar da 'yan aji huɗu sai suka ci karo da kalmar paw a littafin karatu, ta gaya musu ƙafar dabba ake nufi. Nan take wani yaro ya tambaye ta ko ƙafar akuyarsu ma paw ce. Tana so mu fayyace mata ma'anar kalmar, da inda ake amfani da ita, da kuma asalinta.

To malama, ki gaida mana yaron nan, don tambayarsa ta hankali ce. Amsa ita ce a'a, ƙafar akuya ba paw ba ce. Ana rubuta kalmar da haruffa uku, P, A, W, amma a baki "po" ake cewa, a ɗan ja wasalin. Bature yana kiran ƙafa da wannan suna ne idan tana da tausasan gammo a ƙarƙashi da kuma farata a gaba, irin ta kyanwa, da kare, da zaki, da damisa, da kura. Kuma ba sai kin yi dogon bayani ba, domin Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da ita: dagi. Dagin zaki, dagin damisa. Yaranmu da yawa yanzu ba su san dagi ba sai a jikin gini ko a wuyan babbar riga, wato zanen nan da ake kira dagin Arewa, alhali kalmar tana nan da ma'anarta ta ƙafar dabba. Abin yana damuna ƙwarai in ji an fassara wa yaro paw da "ƙafar dabba" kawai, a tafi a bar dagi a ajiye. In kika ba su kalmomin biyu tare, kin koya musu Turanci, kin kuma mayar musu da kayansu.

Ita akuya kofato gare ta, kofato kuwa a Turanci hoof ne, ana cewa "huf". Jam'insa hooves, wasu kuma su rubuta hoofs, duk an yarda da su. Doki da jaki kofatonsu guda ne, dunƙulalle, domin a kan yatsa ɗaya tak suke tsaye. Saniya da tunkiya da akuya kuwa nasu a rabe yake biyu, shi ne Turawa ke kira cloven hoof. Kofaton kansa ba ƙashi ba ne, da shi da farcen ɗan Adam abu ɗaya ne ya yi su, shi ya sa yake tsiro, ake datse wa doki ba tare da ya ji zafi ba.

Akwai wani abu da mafarauta suka daɗe da sani, wanda zai burge yaran. Zaki da damisa da kyanwa suna janye faratansu ciki idan suna tafiya, saboda haka sawunsu ba ya nuna farce. Kare da kura ba sa iya janyewa, don haka duk inda suka taka za a ga tabon farce a gaban sawun. Farcen nan shi ne claw a Turanci.

Yanzu batun asali, wanda nan ne labarin ya fi daɗi. Hoof ɗan gida ne. Tun a tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ana faɗinsa, kuma danginsa suna nan a harsunan da suke tsatso ɗaya da Turanci: Jamusawa suna cewa Huf, mutanen Holan suna cewa hoef. Paw kuwa baƙo ne. A shekarar 1066, William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, inda aka kashe Sarki Harold. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a Ingila har kusan shekara 300, dubban kalmominsa suka zuba cikin Turanci. A cikinsu akwai wata tsohuwar kalmar Faransanci da ake rubutawa poe ko poue, ita ce ta koma paw, kuma an fara ganinta a rubutun Turanci wajen shekarar 1300. Masana harshe suna danganta ita wannan poe ɗin da harsunan dangin Jamusanci, ganin cewa har yau Bajamushe Pfote yake cewa, mutumin Holan kuma poot. Kin ga ke nan kalmar zagaye ta yi, ta bi ta gidan maƙwabci kafin ta iso. Mu ma muna da irin wannan. Kalmar kasuwa tushenta suƙ ne na Larabci, amma ta bakin Barebari ta shigo mana.

Wajen amfani da ita, malama, akwai wurin da za ki ja wa yaran kunne. Idan aka kira hannun mutum paw, galibi raini ne ko faɗa, kamar ka ce wa mutum ya ɗauke daginsa daga kan kayanka. Kada yaro ya faɗa wa babba haka. Sannan kalmar tana zama aikatau, kuma a nan har doki ya samu shiga: idan doki yana tonon ƙasa da ƙafar gaba saboda ƙosawa, da paw Bature yake bayyana wannan aikin, duk da cewa kofato ne ke yin tonon.

Takarda ta biyu daga wani ɗan'uwa ne mai sana'ar ɗinki a Damagaram, mai son kallon dambe. Ya ce yana yawan jin masu sharhin damben zamani suna kiran wani ɗan dambe southpaw, ya kuma taɓa jin an kira wani ɗan siyasa cat's paw. Me suke nufi?

Ɗan'uwa, southpaw shi ne bahago, wanda hannun hagunsa ne mai kisa, yake tsayawa da ƙafar dama a gaba. A Amurka kalmar ta yi ƙarfi tun ƙarni na 19, a fagen dambe da kuma wasan nan nasu na jifa da dukan ƙwallo da sanda. Babu zagi a cikinta ko kaɗan.

Cat's paw kuwa, wato dagin kyanwa, daga wata tsohuwar tatsuniyar Turai ya fito, wadda mawaƙin Faransa La Fontaine ya mayar waƙa aka buga a 1679. Biri da kyanwa suna zaune a bakin murhu, ana gasa wasu 'ya'yan itace a cikin garwashi. Biri ya yi ta zuga kyanwa da daɗin baki har ta riƙa sa dagi cikin wuta tana fito da su, shi kuwa yana lamushewa. Ta ƙare da ƙonannen dagi, ba ta ci ko ɗaya ba. Saboda haka duk wanda wani ya tura ya yi masa aikin haɗari ko na ƙazanta, shi yana gefe yana cin moriya, shi ake kira haka. Da Hausa sai mu ce karen farauta, ko mu ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kiran mutum cat's paw kam zargi ne mai zafi.

Ta uku gajeruwa ce, daga wata ɗaliba a unguwar Nima da ke Akara. Ta ce tunda gwanda pawpaw ake ce mata a Gana da Najeriya, shin akwai dangantaka tsakaninta da dagi?

Babu, 'yar'uwa, kamannin sauti ne kawai. Pawpaw daga papaya ta samo asali, sunan da Sifaniyawa suka ɗauko daga harsunan mutanen asali na yankin Karebiyan, domin ita gwanda daga can tsakiyar nahiyar Amurka ta fito kafin ta iso Afirka. Amma ki lura, idan Allah ya kai ki ƙasar Amurka kika nemi pawpaw, wani ɗan itace daban za a miƙo miki, mai tsirowa a dazuzzukan gabashin ƙasar. A can in gwanda kike so, papaya za ki ce.