DIN ko Yok: Wane Haɗin Regileta Ya Dace da Nutso Mai Zurfi?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi bakin silindar iskar da mai nutso ke goyawa, daidai inda regileta, wato na'urar da ke rage matsin iska har a iya shaƙarta, ke kama bawul. Wurin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma shi ke tare iskar da aka matse har bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne). Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya, to ku ninka wannan kusan sau 100. Abin da ya hana iskar nan tserewa ɗan zoben roba ne kawai, kuma duk gardamar da ake yi tsakanin yok da DIN a kan inda wannan zobe yake zaune ne.

Ga yok. Shi ne tsohon hannu, kuma shi za ku fi gani a shagunan haya na Amurka da tsibiran Karebiyan. Ana zura ƙarfensa ta saman bawul, a ɗaure noti daga baya, sai fuskar regileta ta danne zoben da ke kwance a fuskar bawul. Yana da saurin ɗaurawa, ko ɗan koyo ba ya shan wahalarsa. Iyakarsa bar 232. Ga mai yawon kallon kifi a mita 15 ko 18, wanda in wani abu ya faru zai iya hawowa sama kai tsaye, yok ya wadatar, kuma mutane sun daɗe suna nutso da shi lafiya lau.

Ga kuma DIN, wanda ya samo sunansa daga hukumar tsara ƙa'idojin kayayyaki ta Jamus. Nan ba dannewa ake yi daga waje ba. Regiletar ce da kanta ake murɗawa cikin bawul kamar noti, zoben roba kuma yana jikin regileta, sai ya shige can ciki, ƙarfe ya kewaye shi ta kowane ɓangare. Ko matsi ya tura shi, ba shi da kafar fita.

Yanzu ku ɗauka kuna cikin kogon ruwa a Fulorida ko yankin Yukatan na Meziko, ko kuwa cikin rumbun jirgin Thistlegorm da ya nutse a Bahar Maliya a 1941. Sama da kanku dutse ne ko ƙarfe. Notin yok yana tsaye a bayan wuya, yana iya bugun rufi, yana iya sarƙe igiyar da kuke bi don gane hanyar fita. In bugun ya yi ƙarfi har regileta ta ɗan goce, zoben na iya fitowa, iska ta kama zuba da ƙara. Wanda ke ruwa buɗaɗɗe zai hau sama. Wanda ke cikin kogo, ko wanda jikinsa ya sha naitirojin har ya zama dole ya yi ta tsayawa a hanya kafin ya fito, ba shi da wannan dama. Shi ya sa a wurina maganar ba ta da tsawo: duk wanda zai shiga irin wannan nutso, ya ɗauki DIN.

Sai dai DIN ɗin ma iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Akwai na bar 232 mai zagayen tiredi 5, akwai na bar 300 mai zagaye 7. Kaurinsu ɗaya, tsawon ne ya bambanta. Regileta mai zagaye 7 tana shiga bawul na 232, tana shiga na 300, duk ta rufe tsaf. Mai zagaye 5 kuwa, in aka murɗa ta cikin bawul na 300, ba ta kaiwa ƙarshe, iska za ta yi ta fita. Da gangan aka ƙera su haka, don kada a ɗora kayan ƙaramin matsi kan babban matsi. Saboda haka, a ɓangaren regileta, ku sayi ta 300.

A ɓangaren bawul kuma, shawarata ta juya. Bawul na 232 ya fi amfani ga yawancin mutane, musamman irin wanda ke zuwa da ɗan ƙarfen toshi a bakinsa. In toshin na ciki, yok zai hau. In aka kwance shi da alanki, ya koma DIN. Bawul na 300 ya yi zurfi, yok ba ya hawansa sam. Kuma kada lambar 300 ta ruɗe ku: iska ba ta matsuwa yadda lissafi mai sauƙi ke nunawa idan matsi ya kai can, abin da za ku samu a ciki ya gaza zatonku da kusan kashi 10 cikin 100, ga silindar da nauyi, ga shi ba kowane wurin cika iska ke da injin da zai kai 300 ba.

To, in kun je inda silindun haya duk na yok ne fa? Akwai adafta da ake murɗawa a kan regiletar DIN ta koma yok. Ku ajiye ɗaya a jaka, tana fid da mutum kunya. Amma ku sani tana ƙara tsawo har regileta ta riƙa taɓa ƙeya, kuma da zarar kun ɗaura ta, zoben ya koma fili, amfanin DIN ya tafi. Ta nutson shaƙatawa ce, ban yarda a shiga kogo da ita ba.

DIN ma yana da nasa halin. Regiletar da ke kan silindar gefe, wadda ake rataye da ita bawul a rufe, tana iya sassautawa in babu matsi a cikinta, ruwa ya shiga. Ƙwararru kan buɗe bawul su cika tiyo da iska, su rufe, su riƙa taɓa regiletar suna tabbatarwa ta ɗauru. Haka nan, in silinda ta faɗi da baki, ramin bawul na iya lotsewa har regileta ta ƙi shiga. Ku riƙa toshe shi yayin ɗauka, yashi ma ba zai samu hanya ba.

Akwai na uku, M26, wanda ƙa'idar Turai EN 144-3 ta tanada don iskar da iskar oksijin ɗinta ta haura kashi 22 cikin 100. Ya fi DIN na yau da kullum kauri, ba sa shiga juna. Za ku fi cin karo da shi a Faransa, wurare da yawa kuma ba a damu da shi ba. In can za ku yi nutso, ku tambayi cibiyar tun kafin ku tashi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, M26 ba ya hana mutum shaƙar iskar da ba ta dace da zurfinsa ba. Zallar oksijin iyakarta mita 6, haɗin kashi 50 kuma mita 21. Awon iska da rubuta iyakar zurfi ɓaro-ɓaro a jikin silinda ne ke kare rai a nan.

Abu na ƙarshe yana ƙasan bawul, inda yake shiga wuyan silinda. Turai na amfani da M25x2, Amurka kuma 3/4 NPSM. Suna kama da juna har bawul na M25 kan shiga wuyan da ba nasa ba kamar ya zauna, sai an zo cika iska ya yi tsalle da ƙarfin da ya taɓa kashe mutane. Sau da yawa lambar tana buge a kafaɗar silinda da jikin bawul. In kun sayi ɗayansu na hannu, ku kai wa ƙwararren mai gyara ya auna tiredin kafin a haɗa su.