Fadar Osu: Gidan Bakin Teku da Ya Shiga Hannaye Barkatai

Assalamu alaikum jama'a, na Nima da Mamobi da Sabon Zango da duk inda kuke kallonmu. In akwai takardar sidi hamsin a aljihunku, ku juya bayanta. Ginin da ke jiki shi ne Fadar Osu, wadda Turawa suka raɗa wa suna Christiansborg. Tana nan a bakin teku a Akara, babban birnin Gana, gaba kaɗan da dandalin Black Star, kuma da wuya a sami gida a duk Akara da ya sauya masu shi kamarta.

Filin dai na mutanen Ga ne. A 1652 'yan Suwidin suka kafa ɗan wurin ciniki a nan, Holan ta karɓe, sannan a 1661 'yan Danmak suka biya Sarkin Ga, Okaikoi, tsabar zinariya 3,200 suka soma gina ganuwa da dutse. Ginin farko ba na ƙawa ba ne. Katanga ce mai kauri, da manyan bindigogi a kusurwoyi, da fili a tsakiya. Zinariya suka zo nema, amma ba a daɗe ba cinikin ya koma na mutane. Ɗakunan ƙasa, masu duhu da ƙarancin iska, su ne inda ake tsare bayi kafin a kai su jirgi, alhali gwamna na zaune a sama yana shan iskar teku. Arzikin gidan nan daga ɗakunan ƙasan ya fito, kuma bai kamata farin fenti ya ɓoye mana wannan ba. Sai a 1803 dokar Danmak ta hana fataucin bayi ta fara aiki.

A 1679 aka yi cin amana a cikin gida, aka kashe kwamandan, aka sayar da wurin ga 'yan Fotugal. Su ne suka gina ɗan coci a ciki, suka sauya masa suna, amma 'yan shekaru kaɗan suka yi, Danmak ta dawo.

To, ku saurari abin da ya faru a 1693. Akwai wani mutumin masarautar Akwamu mai suna Asameni. Ya yi aikin kuku a wurin Turawa, ya ji yarensu, ya san shigarsu da fitarsu. Ranar nan ya iso ƙofa da jama'arsa a matsayin 'yan kasuwa masu son sayen bindigogi. Aka buɗe musu, aka miƙa musu kaya su duba. Kafin masu gadi su ankara, bindigogin da suka zo saye sun juya kansu. Gwamna ya tsere da rauni zuwa ganuwar 'yan Holan, wadda yau muke kira Ussher Fort. Asameni ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga tutarsa, ya yi ta ciniki da jiragen Turawa kusan shekara guda. A 1694 aka mayar wa Danmak gidan a kan zinariya, amma Akwamu suka riƙe makullan. Har yau suna hannun masarautarsu a Akwamufie. Ni a ganina, wannan shekara ɗayar ta cancanci kowane yaron makaranta a Gana ya san ta.

A 1850 Danmak ta gaji, ta sayar wa Birtaniya duk ganuwoyinta na wannan gaɓa a kan fam 10,000. Shekara goma sha biyu bayan nan, a 1862, girgizar ƙasa ta rushe benen sama. Aka sake gina shi da katako, kuma daga nan kamannin gidan suka fara sauyawa daga na sansanin yaƙi zuwa na mazauni, da baranda da manyan tagogi. A ƙarshen ƙarni na 19 ya yi zaman wulaƙanci: an mai da shi wurin 'yan sandan mulkin mallaka, rundunar da Hausawa suka yi yawa a cikinta, an kuma ajiye masu taɓin hankali a ciki. Sai a 1902 ya zama mazaunin gwamna sosai.

Nan tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka nufa ranar 28 ga Fabrairun 1948 da takardar kokensu. Ba su kai ƙofa ba. A mararrabar hanya aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta samun 'yanci a 1957.

Daga 1960 Kwame Nkrumah ya shiga a matsayin shugaban ƙasa, aka yi ta ƙara ofisoshi da ɗakunan baƙi, har Sarauniyar Ingila ta sauka a 1961. Rawlings ma daga nan ya yi mulkinsa, har ta kai in an ce “Castle” a Akara, kowa ya san gwamnati ake nufi. Shugaba Atta Mills ya yi aiki a nan har rasuwarsa a 2012, kuma kabarinsa na nan kusa, a Asomdwee. A 2013 aka mayar da ofishin shugaban ƙasa zuwa ginin da yanzu ake kira Jubilee House, sannan a 2017 aka ayyana Fadar Osu gidan tarihin shugabanni. Tun 1979 take cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, amma gishirin teku bai san wannan ba, kullum yana cin bango da ƙarfe, don haka gyaranta aiki ne na kowace shekara. In kun kai yara ziyara, ku roƙi mai zagayawa da ku ya fara da ɗakunan ƙasa kafin a hau ofishin shugabanni.