Attajirar Zango: yadda za a rubuta ta a ƙagaggen labarin tarihi

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Kwanan baya wata ɗalibata ta kawo mini labarin da ta rubuta, na wata attajira a unguwar Zango ta garin Damagaram zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Mijin madugu ne, ya rasu a hanyar Tarabulus, ya bar mata raƙuma da kuɗin wuri da cinikin fata da gashin jimina. Har nan ba laifi. Sai na buɗe shafi na uku, na tarar da baiwar Allah ta hau soro ita kaɗai tana kallon taurari, wai tana tambayar kanta amfanin rayuwarta. Na ce, 'yata, wannan ba matar Zango ba ce, ke ce kika ɗaura mata zane. (Dariya.)

Macen wancan zamani ba ta da wannan kaɗaicin. Gidanta cike yake da barori da bayi da 'yan riƙo. Abin da ke cin ta tambaya ce guda: ɗiyar wa ce?

Ku tuna yadda garin yake. Birni na cikin ganuwa, nan fada take, nan masu asali. Zango na waje, masaukin fatake da Buzaye da baƙi. To ku kai ta biki a Birni. Ƙwaryar gudummawarta ta fi ta kowa, goro fari ƙal, turmin zane biyu a kai. An karɓa, an yi guɗa, sannan wata tsohuwa ta shimfiɗa mata tabarma can bakin ƙofa, kusa da takalma. Ba wanda ya zage ta. Ita ma ba ta ce uffan ba, sai dai ta gyara mayafi.

Daga wannan tabarmar labarin zai tashi. Za ta haƙa rijiya ne a riƙa kiran sunanta? Za ta ciyar da almajirai, ko ta aurar da 'yar riƙonta a gidan sarauta ko da rabin dukiyar zai tafi? Ni dai na fi son ta ƙarshen, don akwai asara a ciki.

In kuma kun ja ranta har 1899, shekarar da Faransawa suka ci garin, sai ku tambayi kanku wa zai shimfiɗa wa wa tabarma. Malama, na ga hannunki a sama, bismilla.